Ƙarar da Kuke Ji Daga Zauren Masallaci



Iyaye da dama sun tare mu a kasuwa da tambaya kan wata ƙara mai kama da kukan gyare da ke fitowa daga zauren masallaci duk daren Laraba. To gara mu yi bayani da kanmu, kafin zance ya yi yawo ya faɗa kunnen da bai dace ba. Yaranmu ne ke koyon rubutun Morse, kuma da saninmu suke yi.

Shi wannan rubutu shi ne na tangaraho, wanda kakanninmu suka sani a gidan waya. Wani Ba'amurke, Samuel Morse, ya aika saƙo da shi daga Washington zuwa Baltimore a 1844. Kowane harafi gajeren sauti ne da dogo, dogon ya kai tsawon gajere uku. Harafin E gajere ɗaya ne tak. Kiran neman agaji kuwa gajeru uku, dogaye uku, gajeru uku. Amfaninsa shi ne inda murya ta shaƙe cikin hayaniyar rediyo, wannan ɗan tsiwa yakan ratsa, ko da batir ya yi sanyi. Sai dai fa ba a yi shi da Bahaushe a rai ba: babu ɓ, babu ɗ, babu ƙ. Ran nan wani yaro ya buga "baƙi sun zo", ɗan'uwansa ya rubuta "baki sun zo", aka yi ta dariya.

Har yau a duniya akwai masu riƙe rediyon aika saƙo don sha'awa, kowa da lasisinsa da lambar kiransa. Ta Nijeriya da 5N take farawa. Suna da wani zama da suke yi ta iska. A sa rana da sa'a. Mutum ɗaya ya jagoranta, ya kira suna, kowa ya amsa, mai saƙo ya faɗa a taƙaice, saura su yi shiru har layi ya zo kansu. Wanda bai amsa ba, a rubuta.

Da ɗalibin da ke koya musu ya zayyana mana wannan, sai muka ce ai mu mun yi shi, ba mu dai san yana da suna ba. A watan Mayun 2013, bayan an sa dokar ta-ɓaci a Borno da Yobe da Adamawa, aka katse layukan salula gaba ɗaya. Mun daɗe muna haka kafin su dawo. Mai kaya a Kano bai san ko mota ta iso ba. Uwa ba ta san ko ɗanta da ya tafi saro kifi Baga yana raye ba. Abin da muka yi shi ne, ana sallame Asuba ladan ya buɗe littafi, gida gida, ya kira. "Gidan wane?" "Lafiya." "Akwai na hanya?" "Mutum biyu." Mai saƙo ya faɗa, ba ya wuce layi biyu, a ba direban da zai tashi daga Tashar Kano. Wallahi mun ga dattijo mai dogon zance ya koyi faɗin magana cikin kalma goma. Kuma ranar da aka kira wani gida sau uku ba amsa, kafin hantsi mun san inda za a fara nema. An same shi, Alhamdulillahi. Akwai wanda har yau sunansa na cikin littafin ba a soke ba.

Waya na dawowa muka watsar. Sai ga katsewar lantarki ta 2021, caji ya zama sai mai janareta. Sai ga ruwan Alau a Satumban 2024, wayoyi suka jiƙe, mutane na neman 'ya'yansu da baki.

Amma ga sharaɗi, kuma da babbar murya muke faɗa. Babu yaron da zai haɗa na'urar aika saƙo ta iska, ko ya ɗaga eriya a kan rufi, ba tare da lasisin hukuma ba. Garin da aka taɓa haramta wayar Thuraya a cikinsa ba wurin gwaji ba ne, kuma ba mu da ƙarfin zuwa belin kowa. Abin da ke zaure batir ne da 'yar ƙararrawa da waya taku goma, ba ya ko fita ƙofa. Wanda ya ƙware yana son ya ci gaba, mu za mu raka shi neman takarda da rana tsaka.

Mun zaɓi wannan lokaci ne don hunturu ya janye, ƙura ta lafa, zafin bazara bai kankama ba. Nan da Afrilu zauren nan ba ya zaunuwa. Muna so kafin damina littafin gidaje ya cika, a dawo da kiran suna ko da Juma'a Juma'a ne. Kowane magidanci ya turo yawan mutanen gidansa da wanda zai riƙa amsa masa. Gidajen da babu namiji babba, malamar Islamiyya ta mata za ta karɓa ranar Asabar bayan La'asar.