Dokin Kara da Igiyar Tsamiya

Karatuna na farko a Bagudo dokin kara ne. Ina ɗan shekara uku nakan hau karan dawa in yi ta sukuwa a tsakar gida, har in ba shi ruwa a sakaina. Na san sarai kara ne, amma duk wanda ya kira shi kara sai mun yi faɗa. Ashe tun nan yaro ke fara gane cewa wani abu na iya tsayawa a madadin wani.

Da aka kai ni makarantar allo sai al'amarin ya ƙara zurfi. Kara dai ya ɗan yi kama da abin hawa, amma me ya haɗa zanen tawada da sautin baki? Haka muka yi ta rera babbaƙu, muka shiga farfaru, har ranar da baƙaƙen suka haɗu suka yi mini magana.

Darasi na uku a kan iyaka na same shi. Mukan bi ta Tsamiya zuwa Segbana a ƙasar Benin, wajen dangin mahaifiyata. Tutar can koriya ce mai jan tauraro. A 1990 sai muka tarar da wata mai kore da rawaya da ja. Na ce, "Baba, mutanen sun tashi ne?" Ya yi dariya ya ce, "Suna nan, ɗana. Shawara suka sake." Ranar na gane ƙyalle ba ya da wata ma'ana sai wadda jama'a suka yarda suka ɗora masa. Haka naira, haka sefa.

A watan Agusta na 2019 Nijeriya ta rufe iyakokinta na ƙasa. Ɗiyata, tana 'yar shekara biyar, ta ga igiya a gicciye a hanya, ta ce, "Baba, mu tsallaka mana, ai ba ta da tsawo." Na rasa amsa. Kafin a fara buɗe iyaka a Disamban 2020, innar da za mu gaida ta rasu. Yanzu idan yarinyar na wasa da ƙannenta, takan shimfiɗa igiya ta ce kowa ya nuna takarda.

'Yan'uwa marubuta, kalma ma alama ce. Yara na kallon abin da muke ɗora mata, kuma da shi za su yi wasa gobe.