Chemainus, Garin Da Bango Ke Ba Da Tarihi

A tsibirin Vancouver da ke yammacin Kanada akwai wani ɗan gari a bakin teku, sunansa Chemainus, tafiyar kamar awa ɗaya a mota daga birnin Victoria. Baƙo ba ya neman ɗan jagora a nan. An zana sawun ƙafa da fenti ruwan ɗorawa a gefen titi, su na bi suka riƙa kai ni daga wannan bango zuwa wancan.

Garin katako ne tun wajen 1862, a da arzikinsa duk yana ga injin yankan katako. Da kasuwa ta fara ja da baya, wani mazaunin garin mai suna Karl Schutz, wanda ya taɓa ganin zane a jikin tsofaffin coci-coci a Romaniya, ya dage a zana tarihin garin a bangon kantuna. A 1982 aka yi zane biyar, a 1983 aka rufe injin. Yau zanen ya haura arba'in, motocin masu yawon buɗe ido kuma ba sa yankewa.

Mun saba da adon bango irin na maginan Zariya da Damagaram, amma a nan fuskokin mutane ne, wata fuskar ta fi tsayin mutum. Na ga fuskoki uku na 'yan asalin ƙasar, aikin Paul Ygartua, har tamojin goshi ana iya ƙirgawa. Na ga leburori na fama da injin tururi mai jan gungume a daji. Ga kuma kantin Hong Hing, wani ɗan kasuwa ɗan Sin, an dawo da shi jikin bango kamar yanzu zai buɗe ƙofa. Abin da ya burge ni ke nan: masu zufa da ƙananan 'yan kasuwa aka ba manyan bangaye.

Inda na fi daɗewa a tsaye shi ne gaban hoton Shige Yoshida, sanye da kayan 'yan sikawut. Yana yaro aka ƙi karɓarsa a ƙungiyar garin saboda asalinsa na Japan, ya yi horonsa shi kaɗai, daga baya ya kafa wa yaran Japanawa tasu. A 1942, ana tsakiyar Yaƙin Duniya na Biyu, gwamnatin Kanada ta kwashe Japanawa daga gaɓar teku, na Chemainus ma ba a bar ko ɗaya ba. Ba kowane gari ne zai yarda ya ɗora abin kunyarsa a bangon titi ba, don haka na ga girman mutanen nan. Wanda ya yi zanen Yoshida a 1991, Stan Taniwa, haifaffen garin ne, yana jinjiri aka fitar da shi tare da iyayensa.