Wasiƙa Zuwa Ga Ɗiyata Mai Shirin Jarrabawar Bak

Moursal, N'Djamena



Ɗiyata abar ƙauna, bayan gaisuwa mai yawa da fatan kina lafiya, ke da babanki da innarki da ƙannenki duka. Mu nan Moursal lafiya lau, sai zafin rana da kuka sani. Allah Ya sa Abeche ta fi mu sanyi.

Babanki ya faɗa mini kin shiga ajin ƙarshe na lise, kuma abin da ke damunki shi ne rubutun insha'i. Ya ce kina da abin faɗa, amma da kin ɗauki biro sai kalmomi su ƙare miki, ki yi ta maimaita guda biyar ɗin nan har takarda ta cika. Ya kuma ce ya saya miki ƙamus, kina haddace kalma ashirin kowane dare. Madalla da himma, Allah Ya saka masa. Sai dai ni da na daɗe ina koyar da yara, ina so in gaya miki gaskiya: kalmar da aka haddace ita kaɗai ba ta zama. Kamar dashen da ba shi da saiwa take, kwana biyu ta bushe. Wadda ke zama ita ce wadda kika gamu da ita cikin labari, a bakin wani mai fushi ko mai kuka, kika ga abin da ta aikata a wurin.

Saboda haka ga shawarata. Ki fara da namu na gida. Joseph Brahim Seid, wanda aka haifa a nan garin a 1927 lokacin ana kiransa Fort-Lamy, har ya riƙe ministan shari'a, ya fitar da Au Tchad sous les étoiles a 1962. Tatsuniyoyi ne da labaran dā na ƙasarmu, gajeru, cikin Faransanci mai tsabta. Amfaninsa gare ki shi ne kin riga kin san duniyar da yake magana a kai: tafki, sarakuna, mafarauta, damina da rani. Idan baƙuwar kalma ta zo, labarin da kansa zai raɗa miki ma'anarta. Daga nan ki wuce ga L'Enfant noir na Camara Laye, na 1953, inda za ki tsinci kalmomin maƙera da na girbin shinkafa da na rabuwar ɗa da uwa. Sai Une si longue lettre na Mariama Bâ, na 1979, wanda bazawara ce cikin takaba ke rubuta wa aminiyarta. A nan za ki koyi yadda ake faɗin ciwon zuciya ba tare da ihu ba, da yadda ake jera hujja a kan aure da kishi da ilmin mata. Irin wannan jeren hujja shi masu gyaran takardar bak ke nema.

Ga yadda za ki yi. Ki sami ƙaramin littafin rubutu ki raba kowane shafi gida uku. Kada ki tsaya a kan kowace kalma, don za ki kashe daɗin labarin. Ki ja layi da fensir a ƙarƙashinta ki wuce. In kin kai ƙarshen babi, ki zaɓi biyar kacal. A gida na farko ki kwafe jimlar da kika sami kalmar a ciki. A na biyu ki rubuta abin da kike zaton tana nufi, sannan ki buɗe ƙamus ki gwada. A na uku ki ƙirƙiri jimlarki da ita, a kan wani abu na gidanku ko na kasuwa. Kafin mako ya fita ki yi ƙoƙarin sa ta cikin aikin makaranta. Biyar da suka zama naki sun fi ashirin na aro.

Akwai kuma abin da ya fi tsaya mini a rai. A makaranta Faransanci da Larabci ake koya muku, a titi Larabcin Chadi kuke yi, Hausa kuwa ta koma ta gaisuwa da aike. Kada ki yarda ta tsaya nan, domin tana da manyan littattafanta. A 1933 ofishin fassara na Zariya, ƙarƙashin Rupert East, ya sa gasar rubuta labari, wadda ta haifar da Ruwan Bagaja na Abubakar Imam da Ganɗoki na Bello Kagara da Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa. Bayan haka Imam ya rubuta Magana Jari Ce, littafi uku, inda a na farko aku ke riƙe ɗan sarki da labarai don ya hana shi fita. A Shaihu Umar za ki bi ayari cikin hamada, ki san madugu da zango da fatake, hanyar da kakanninmu suka bi da ƙafafunsu. Wanda ya iya warware magana da harshen uwarsa ba ya shan wahalar warware ta da wani harshe, tunda tunanin ɗaya ne.

Ki riƙa karanta wa innarki shafi biyu bayan sallar isha'i, da babbar murya. Duk inda kika yi tuntuɓe, za ta gyara miki, ta ƙara miki da karin magana da ba ya cikin ƙamus.

Na tattara miki littafin Seid da na Mariama Bâ daga wajen masu shimfiɗa tsofaffin littattafai a ƙasa, na haɗa da Magana Jari Ce na ɗaya, nawa na kaina. Zan ba direban da ke zuwa wajenku. Ki karanta ko rabin awa ne kullum, ranar hutu ma kada ki tsallake. In kin gama na farko, ki rubuto mini amsa da hannunki, ki sa kalmomi goma daga cikin sababbin da kika samu. Ina jira.

Ki gaishe mini da babanki da innarki da yara. Allah Ya buɗa miki ƙwaƙwalwa, Ya ba ki sa'ar jarrabawa, Ya yi miki albarka.

Wassalam.

Ni ce taki,
Gwaggonki