Allurar da Ta Tsaya a Kwata

Motar da Baba ya bari Peugeot 504 ce, Fijo a bakin kowa, irin waɗanda aka fara harhaɗawa a Kaduna a 1975. Ni ta faɗo wa, don yayyena sun ce ba za su iya da rigimar tsohuwa ba.

Ranar da ta kunyata ni muna hanyar Zariya ne, ni da Kawu, za mu gaisuwar mutuwa. Mun ɗan wuce Kwanar Dangora sai ta yi tari biyu ta mutu. Na dubi gejin mai, allura na kan kwata daram. Kawu ko kallon gejin bai yi ba. Ya fita ya girgiza bayan motar, ya kasa kunne.

"Ɗana, ko ɗigo babu a tankin nan."

Na yi musu. Ƙarshenta dai acaba na hau na nemo galan wajen 'yan bumburutu, muka isa an shafa fatiha.

Washegari na kai ta gareji. Mai wayarin ya zare wayar da ta fito daga tanki, ya taɓa ta a jikin ƙarfen motar, allura ta tafi har ƙarshe. Ya ce geji lafiya lau, waya ma haka. Ya kankare tsatsa, ya ɗaure, ba ta sake zane ba. Sai ya zaro abin da ke cikin tankin ya nuna min: 'yar roba ce mai iyo a kan mai, da siririn hannu na ƙarfe. In mai ya sauka ta bi shi, hannun ya goga a kan naɗaɗɗiyar waya, wutar da ke zuwa geji ta canza. Ya ce ita ce ta gaji. Na je Ƙofar Ruwa na sayo wata, kuɗin har yau yana min ciwo. Aka sa, aka tsiyaye man kaf, allura ta sake tsayawa a kwata.

Wani tsohon bakanike da ke cin goro a gefe tun safe ya miƙe, ya shimfiɗa kwali, ya shige ƙarƙashin motar.

"Alhaji, yaushe ka hau dutse?"

Nan na tuna damina, hanyar ƙauyenmu, da wata ƙara da na ji na yi biris. Gindin tankin ya loɓa ciki, robar na sauka sai ta zauna a kan tudun, ba ta kai ƙasa.

Aka sauke tanki aka wanke da ruwa da omo. Mai walda ya matso, tsohon ya daka masa tsawa, ya ce tankin da babu mai ya fi cikakke saurin fashewa. Da katako ya yi ta turo loɓar ta bakin ramin da aka zaro robar har ta miƙe.

Kawu bai yarda ba har yanzu. Duk tafiya sai ya girgiza bayan motar kafin ya shiga.