Masu Tambaya a Fadamar Haɗeja

Idan kaka ta yi a ƙasar Haɗeja, ruwa ya fara janyewa daga fadama, akwai wani ƙamshi da ke tashi wanda ban taɓa jin irinsa a wani wuri ba: jiƙaƙƙiyar laka, hayaƙin bandar kifi, da ɗanyen buntun shinkafa. A lokacin ne tsuntsayen Turai ke sauka a Baturiya da Dagona, kuma a lokacin ne baƙinmu masu littafi da biro ke isowa. Muna samari, masu tambaya muke ce musu. Sai daga baya muka san yawancinsu ɗalibai ne masu neman digirin digirgir.

Sun fara yawa ne bayan 1987, da aka buɗe ofishin shirin kula da dausayin Haɗeja da Nguru a can Nguru. Wasu daga Landan da Kambirij, wasu daga Zariya da Kano da Maiduguri. Ni kuwa na gama sakandare, ina da ɗan Turancina, na kuma san hanyoyin ruwa tun daga Auyo har Guri, sai na zama tafinta. Jihar Jigawa ma ba a yi ta ba tukuna, sai 1991.

Kowa da abin da ya kawo shi. Mai binciken ruwa zai kafa sanda mai lambobi a gaɓar kogi, ya ɗauki wani mutumin ƙauye ya riƙa duba ta kullum da safe yana rubutawa. Mai ƙidayar tsuntsaye kan tsaya cikin ruwa har gwiwa tun asuba, tabarau a ido, yana lissafin ɗinya da kirinjijiya. Manoma sun sha tambayarsa me ya sa bai ƙirga jan-baki da ke cinye musu gero ba. Wata ɗaliba daga Zariya rijiyoyi ta sa gaba, tana zura awo ta ga zurfin ruwa, matan gari na leƙe ta katangar zana suna dariya, wai ga wadda ta zo rijiya ba guga.

Wanda na fi daɗewa da shi mai binciken kifi ne, wani siririn saurayi da ba ya rabuwa da ma'auninsa. Ranar farko da muka isa wani masaukin masunta kusa da Likori, ya rataye sikelin a reshen giyayya, sai kowa ya yi tsit. Sarkin Ruwa ya jawo ni gefe ya ce, "Ɗana, gaya wa malamin nan, in haraji ne a faɗa mana tun da wuri." Na rantse masa karatu ne. Ya ce, "To, Allah ya ba da sa'a," amma duk da haka ƙananan karfasa kaɗai ake kawo mana, manyan tarwaɗa da ragon ruwa suna kwance ƙarƙashin ciyawa a cikin kwale-kwale. Saurayin bai yi fushi ba. Ya ci tuwonsu, ya kwana a bukkarsu, sauro ya ci rabonsa, zazzaɓi ya kwantar da shi, matar Sarkin Ruwa ta dafa masa ganyen darbejiya. Ranar da ya miƙe, da hannunsa Sarkin Ruwa ya ɗauko wani ƙaton ragon ruwa ya ɗora a sikeli ya ce, "Malam, rubuta wannan." Daga nan aka fara gaya masa ainihin abin da mali da koma da birgi ke kamawa, da kifayen da aka daina gani tun da aka datse ruwa a Tiga a 1974.

Masu tarihi su ba ruwansu da laka. Wani daga Jami'ar Bayero ya zo da rikoda mai kaset yana bin zaurukan cikin gari, yana neman labarin Sarki Buhari da kuma yaƙin 1906, lokacin da Sarki Muhammadu ya yi shahada a hannun sojan Turawa. Na tuna wani dattijo da ya yi ta zuba masa jerin sarakuna, sannan ya nuna rikodar da baki ya ce, "Kashe abin nan tukuna." Duk abin da ɗalibin ya zo nema sai bayan nan ya fito, shi kuwa yana zaune hannu a gwiwa yana ƙoƙarin haddacewa.

Da dare sukan haɗu a teburin mai shayi, fitilar ƙwai na ci, ƙwari na zagaye ta. Nan ake musu. Mai ruwa ya ce komai daga ambaliya yake, mai tattalin arziki ya ce sai an san kuɗin abu gwamnati ke saurare, mai nazarin zaman jama'a ya ce ku fara tambayar Fulani inda burtalinsu ya tafi tun da aka hana shigo da alkama a 1987, injinan ban-ruwa suka cika fadama suka kori jigo. In musu ya lafa sai a koma kuka da halin karatu: kuɗin bincike bai iso ba, malami bai amsa wasiƙa ba, an bar amarya a gida. Na taɓa ganin kwale-kwale ya kife da takardun wani na wata guda. Yaran gari ne suka taya shi shanya su ɗaya bayan ɗaya a kan tabarmar kaba, ana danne kowace da hoge, shi kuwa yana bi da biro yana maimaita abin da ruwa ya wanke.

Wahalar ba ta tafi a banza ba. A 1993 Ted Hollis da Bill Adams da Aminu-Kano suka haɗa littafi guda a kan dausayin nan. Edward Barbier da abokan aikinsa suka yi lissafi suka nuna cewa ruwan da aka bari ya malala a fadama, in aka haɗa shinkafa da kifi da itacen da yake bayarwa, ya fi amfani nesa ba kusa ba a kan wanda aka tare don manyan gonakin noman rani na Kano. Sai dai kafin littafin ya fito an gama madatsar Challawa a 1992. Ruwa ya daina sanin lokacinsa, ya riƙa zuwa har da rani, ciyawar kacalla ta samu wurin zama ta toshe hanyoyi. Rafin Burum Gana ya cushe, ruwa ya karkata rafin Marma, gonakin wasu suka nutse, na wasu suka bushe. Ban ga laifin masu tambaya ba, sun faɗi abin da suka gani. Abin da ke ɗan sosa mini rai shi ne masuntan da suka ba da labarin sun rasu ba su ji abin da aka rubuta ba.

Yanzu 'ya'yanmu ne ke wannan karatu. An buɗe jami'a a Dutse a 2011, ga ta Kafin Hausa, ga ta Gashuwa. Ba sa bukatar tafinta, kuma abin alfahari ne. Suna zuwa da waya da hoton tauraron ɗan'adam, su ga fadama duka a tafin hannu, su ɗebi ruwa a kwalba su juya kafin la'asar, don mota na jira, kuɗi kuma ba yawa. Nakan so su ɗan kwana, ko don su ji abin da ake faɗa bayan an ci tuwon dare.

Kwanan baya 'yar maƙwabcina, wadda ke bincike kan yadda za a mayar da kacalla abincin dabbobi, ta zo ta durƙusa ta gaishe ni. Ta ce, "Baba, an ce kun san inda ruwa ke bi kafin ciyawar nan ta zo." Na ce na sani, amma ba a nuna shi daga zaure, sai an taka, kuma tafiyar yini ce. Ta duba wayarta ta ce malaminta na jiran babi na uku ranar Alhamis, in ta miƙa za ta dawo. Mun tsayar da Asabar, na kuma ce ta nemo takalmin roba.