Direba Ya Gudu, Wa Zai Biya Diyya?

A watan Janairun 2023 kwantena ta faɗo daga kan tirela a Ojuelegba da ke Legas, ta danne wata bas, mutum 9 suka rasu. Duk sa'ad da irin wannan ya faru, tambaya ɗaya nake ji a unguwarmu: "An kama direban?"

Ni kuwa a ganina, kama direba ba ya biyan kuɗin asibiti, domin galibi shi ma talaka ne. A dokar Nijeriya, idan direba ya yi ganganci a bakin aikinsa, ana iya maka mai motar a kotu tare da shi. Haka kuma, tun dokar 1945 aka wajabta wa masu motoci inshorar da ke biyan wanda aka buge.

Wata maƙwabciyarmu mai sayar da burodi, tirela ta karya mata ƙafa. Mai motar ya aiko da 'yan kuɗi da ban haƙuri, dangi suka ce ƙaddara ce, a bar magana. Ba wanda ya rubuta lambar motar, ba rahoton 'yan sanda, rasit ɗin asibiti ma ya ɓace. Da lauya ya nemi takardun nan, ko ɗaya ba ta da shi.