Daktar Da Na Haifa Da Biro

Na san ci gaban labari kuke jira, ku yi mini afuwa, yau wata magana ce ta tsaya mini a maƙoshi, in ban amayar da ita ba biron ma ba zai tafi ba.

Waɗanda suka daɗe suna bibiyata za su tuna wani littafina na 2006, wanda miji ya wulakanta jarumar, ta tafi Landan ta yi wata tara, ta dawo ana ce mata Dakta, masaniyar halayyar ɗan Adam. Ta buɗe ofis mai sanyin AC, kuma marar lafiyar da ta fara shigo mata ita ce matar tsohon mijin nata. Cikin shafi uku ta yi mata nasiha, matar ta fashe da kuka, ta warke sarai. Littafin ya karɓu har sai da ya kai na uku. A bangon baya kuwa na sa lambar wayata, yadda kowa ke yi a lokacin.

To daga nan fa wayar ta daina hutawa. Wannan kishiya ta hana ta sakat, wancan an hana shi wadda yake so, ni kuwa sai in gyara murya in ari bakin Dakta in yi ta zuba. Wallahi har cikin raina na ɗauka na iya.

Wani dare wata yarinya ta kira ni, jego take, sati uku da haihuwar fari. Ta ce, "Anti, ba na barci. In yaron nan ya yi kuka ji nake kamar in fita da gudu, ko kallonsa ba na son yi." Na ce mata ta gode wa Allah, wasu neman haihuwar suke ido rufe, ta yi haƙuri ta dage da addu'a. Da a nan na tsaya da sauƙi. Sai na ƙara da cewa kada ta kuskura ta faɗa wa kowa, kada dangin miji su ce ta zautu. Ta ce to Anti, ta gode.

Bayan kamar wata biyu yayarta ta kira ni, domin ta ga lambata ta fi yawa a wayar. Ashe da tsakar dare aka tsinto ta a bakin titi, ba takalmi ba mayafi. An yi ruƙiyya, an yi hayaƙi, daga bisani aka kai ta asibitin ƙwaƙwalwa ta kwanta makonni. Allah Ya ba ta lafiya, yaron ma ya rayu. Amma likita ya ce musu da an kawo ta tun da barci ya ƙaurace mata, da abin bai kai haka ba. Yayar ba ta san ni na rufe mata baki ba, godiya ma take yi mini. Na ajiye waya jikina na ɓari.

Shekaru na yi ina ɗauke da abin nan, ban gane girman ɓarnar ba sai da ɗiyar yayana ta karanci fannin. Bara na so in sake sakin littafin a WhatsApp, na ba ta ta duba mini. Tana zuwa wajen wata taran nan ta tuntsire da dariya har da hawaye, ta ce, "Haba Gwaggo, wata tara ai ciki ne."

Ta zaunar da ni ta warware mini. Da farko ma na cakuɗa mutum biyu. Akwai likitan ƙwaƙwalwa, wanda ya yi shekara shida a karatun likita, ya yi shekarar sanin makamar aiki, sannan ya ƙara wasu shekaru yana ƙwarewa, shi ne mai rubuta magani. Akwai kuma masanin halayya na asibiti, wanda aikinsa gwaji ne da jinya ta hanyar zama da magana. A nan gida sai ya yi digirin farko na shekara huɗu, ya yi bautar ƙasa, ya yi digiri na biyu a ɓangaren asibiti, sannan ya je ya yi aiki ƙarƙashin manya a asibiti irin na Barnawa a Kaduna ko Kware a Sakkwato ko Aro a Abekuta. Daktata kuwa magani take rubutawa, nasiha take yi, har allura na sa ta yi wa wani.

A Ingilar da na tura ta, bayan digirin farko mutum kan yi aiki a matsayin mataimaki, sannan ya yi digirin digirgir na shekara uku, wanda kaso mai yawa nasa a asibiti ake yi. Tun 2009 kuma laifi ne mutum ya kira kansa masanin halayya na asibiti in ba sunansa a rajistar hukumar HCPC. Wato da gaske ne, da jarumata ta laƙaba sunan a can yanzu, tana iya zuwa kotu.

Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne maganar kulawar manya. A Amurka kowace jiha da lasisinta. A Kalifoniya, ban da digirin digirgir, sai ka cika awa 3,000 kana ganin marasa lafiya ƙarƙashin mai lasisi, aƙalla 1,500 daga ciki bayan ka karɓi digirin. Duk awa goma da ka yi aiki, ɗaya ta zama ce da mai kula da kai. Sannan ka rubuta jarrabawar EPPP mai tambaya 225. A wannan zaman za ka buɗe abin da ka rubuta, ka faɗi me aka ce maka, me ka amsa, shi kuma ya tambaye ka me ya sa. In ka kauce ya dawo da kai hanya tun kafin abin ya taɓa marar lafiya, domin shi ma wuyansa na ciki, da sa hannunsa kake aiki.

Ni da na koyi ɗinki bayan na gama sakandare na fahimci wannan sarai. Shekara guda matar da ta koya mini ba ta bar ni na sa almakashi a shaddar mutane ba, takardar buhun siminti na yi ta yankawa, tana tsaye a kaina. Shadda ke nan fa, wadda in ta ɓaci ana biya. Amma na ɗauki hankalin 'yar mutane na yanka, babu kowa a kaina. Na tambayi 'yar tawa, da ita aka kira a daren nan me za ta yi? Ta ce tambayoyi za ta fara yi: kwana nawa ba barci, tana cin abinci, tana jin wasu muryoyi, ta taɓa tunanin cutar da kanta ko jaririn, wa ke kusa da ita yanzu? Sannan ta nemi a ba ta wani babba a gidan, a kai ta asibiti da safe. Ta ce Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta kimanin mata 13 cikin 100 masu jego na samun matsalar ƙwaƙwalwa, akasari ciwon damuwa. Ko ɗaya cikin tambayoyin nan ban yi ba, ni wa'azi na sani.

Har da riƙon sirri ana koya musu, da inda ya halatta a karya shi don ceton rai. Mu marubuta kuwa, mu ji tsoron Allah, sirrin nawa aka ba mu a waya muka canja suna muka sayar a kasuwa? Ban cire kaina ba. Ba mu kaɗai ba ne da sakaci, ƙasar ma sai a Janairun 2023 aka sa hannu a sabuwar dokar lafiyar ƙwaƙwalwa, bayan ta 1958 ta yi shekara 65 tana aiki.

Har gobe ina ɗaga waya, ban iya kashe wa mai kuka waya ba. Sai dai yanzu in na ji maganar rashin barci ko ƙosawa da rayuwa, ba na sakin mutum sai ya haɗa ni da wani nasa, na kuma ce asibiti. Addu'a ba ta hana zuwa asibiti.

Littafin kuma na gyara shi. Na mayar da wata taran shekara tara, na ba ta wata tsohuwar malama mai tsanani da ke sa ta kuka duk Alhamis, na ƙwace allurar daga hannunta. Matar tsohon mijin ma na hana ta gani, domin an ce mini doka ce ta aikin, ba ka jinyar wanda kuke da irin wannan alaƙar, sai ta tura ta wajen abokiyar aikinta. 'Yan gurup ɗina sun yi ta ƙorafi, wai na tsofar musu da jaruma kuma na hana ta rama. Mako mai zuwa insha Allahu zan fara sako muku shi a nan, babi biyu-biyu.